Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Furucin Wasulan Holanci Ke Sauyawa Daga Yanki Zuwa Yanki

Holanci shi ne harshen ƙasar Holan da na arewacin Beljiyam, wato Flanders, kuma da shi ake aikin gwamnati a Suriname da wasu tsibiran Karibiyan irin su Aruba da Curaçao. Mutum sama da miliyan 20 ne suka tashi da shi a baki. Ƙa'idar rubutunsa ɗaya ce tak, domin tun 1980 Holan da Beljiyam suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai suna Taalunie da ke kula da ita, Suriname kuma ta shigo a 2004. Sai dai alƙalami kawai hukumar ta iya ɗaurewa, baki ya fi ƙarfinta. Daga Amsterdam ta Holan zuwa Antwerp ta Beljiyam tafiyar kamar awa biyu ce a mota, amma kalmar da aka rubuta iri ɗaya sai ka ji ta fito daban, kuma mafi yawan bambancin a wasula yake. Ga tambayoyin da masu koyon harshen da ɗalibai masu shirin tafiya da masu kallon ƙwallo suka fi yi.

Wasula nawa ne a Holanci?

16 ne, in an bi lissafin da aka fi yarda da shi. Akwai gajeru biyar, waɗanda ake ji a *man*, *bed*, *vis*, *bos* da *bus*. Akwai bakwai da littattafan makaranta ke kira dogaye: *aa*, *ee*, *oo*, *eu*, *ie*, *oe* da *uu*. Akwai tagwan wasula uku: wanda ake rubutawa *ei* ko *ij*, da wanda ake rubutawa *ou* ko *au*, sai *ui*. Cikon na 16 wani raunannen wasali ne da masana ke kira shuwa, wanda ake ji a *de* da kuma gaɓar ƙarshe ta *lopen*. Haruffan wasalin kuwa biyar ne kamar namu, shi ya sa ake ta haɗa su bibbiyu. Wanda ya fi yaudarar ido shi ne *oe*, domin sautinsa u ne zalla. Ronald Koeman, Kuman ake cewa.

Bahaushe ya saba da dogon wasali da gajere. Wannan zai taimake shi?

Zai kai shi rabin hanya. Kunnen da ke raba garin Kano da garin tuwo ba zai sha wahalar raba *man*, namiji, da *maan*, watan sama, ba. Haka *bom*, bam, da *boom*, bishiya.

Sauran rabin shi ne, a Holanci ba tsawo kaɗai ke raba irin waɗannan ba, har da inda harshe yake zama. Ana yin *a* ta *man* can baya cikin baki, ita kuwa *aa* ana turo ta gaba, baki a wangame. Ban da haka, a ƙasar Holan *ie* da *oe* da *uu* suna ne kawai suka tara na dogaye, a baki gajeru ne, sai fa in *r* ta biyo bayansu. Don haka abin da ke raba *vis*, kifi, da *vies*, mai ƙazanta, shi ne *i* ta *vis* a sake take, ta ɗan sauko wajen e, ta *vies* kuma a ɗame. A Antwerp da kewayenta kuwa duk biyun a ɗame suke, tsawo ne ke raba su. Shi ya sa in mai sayar da kifi a Antwerp ya ce *vis*, mutumin Amsterdam kan ji kamar yana kushe hajarsa ne da bakinsa.

Mene ne babban bambanci tsakanin furucin Holan da na Beljiyam?

In za ka riƙe abu ɗaya daga wannan shafin, riƙe wannan: a arewa wasali tafiya yake, a kudu tsayawa yake.

Ɗauki *ee*, *oo* da *eu*. A Flanders in an kama wasalin, ana riƙe shi a wuri ɗaya har ya ƙare. *Nee*, wato a'a, tana fita da e irin ta “nema”. *Boot*, jirgin ruwa, da o irin ta “noma”. A yammacin Holan kuwa, musamman yankin manyan biranen da ake kira Randstad, wanda ya haɗa Amsterdam da Rotterdam da Hague da Utrecht, wasalin ba ya zama. Ana farawa da e a zarce zuwa i, sai *nee* ta koma “nei”. Ana farawa da o a rufe leɓɓa zuwa u, sai *boot* ta koma “bout”. In ka sa ido a bakin mai magana za ka gani ƙuru-ƙuru: haɓar ɗan Rotterdam tana motsi a tsakiyar wasalin, ta ɗan Leuven ba ta motsi.

Tagwan wasulan ma haka suke. A Holan ana buɗe baki sosai a farkonsu, sai tafiyar ta yi nisa. A Flanders tafiyar gajera ce, a wasu bakunan ma babu ita sam, sai *tijd*, lokaci, ta fito kamar e mai faɗi da aka ja. *Koud*, sanyi, a Amsterdam tana kusa da au ta “sau”, a Gent ko Brugge kuwa da o ake fara ta.

Kada a ɗauka iyakar ƙasa ce ta yanke abin kamar da wuƙa. Yayin da kake barin Randstad ka nufi gabas ko kudu, tafiyar wasalin tana raguwa. Mutumin Maastricht ko na Twente ɗan Holan ne, amma *ee* da *oo* ɗinsa sun fi kusa da na Beljiyam. Su kansu mutanen Holan sun fi auna arewa da kudu da manyan kogunan da suka ratsa tsakiyar ƙasar, Rijn da Waal da Maas, kuma kusan a nan ne *g* mai kankare maƙogwaro ke ba wa *g* mai laushi wuri.

Ba a bakin mutanen karkara kawai ake jin wannan ba?

Ko kusa. A 2007 Patti Adank da Roeland van Hout da Hans Van de Velde sun wallafa sakamakon awon wasulan mutum 160 daga yankuna takwas, huɗu a Holan, huɗu a Flanders. Duk mutanen malaman Holanci ne a makarantun sakandare, wato waɗanda aikinsu ke nan su koyar da daidaitaccen harshe, kuma an ɗauki muryarsu suna karatu a tsanake. Duk da haka na'ura ta nuna yankin kowa a wasulansa. Saboda haka abu biyu ne ake magana a kai: akwai karin harshen gari, wanda kan bambanta har a kalmomi da nahawu, akwai kuma lafazin yanki da ke bin mutum ko da daidaitaccen Holanci yake yi.

Tun asali haka arewa da kudu suka rabu?

A'a, rabuwar nan ta daidaitaccen furuci ba ta daɗe ba. Van de Velde ɗin nan ya yi digirinsa na uku a Nijmegen a 1996 a kan tsofaffin muryoyin rediyo daga 1935 zuwa 1993, na masu sharhin wasanni da masu ba da rahoton bukukuwan gidan sarauta. Abin da ya samu shi ne a shekarun 1930 masu magana a rediyon ƙasashen biyu sun yi kusa da juna ƙwarai. Daga nan na Holan suka yi ta sauyawa, *ee* da *oo* suna ƙara miƙewa zuwa tagwai, na Flanders kuwa kusan suna nan inda aka bar su.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A Beljiyam Faransanci ya daɗe yana danne Holanci a ofis da makaranta, don haka da aka samu daidaitaccen furuci sai aka riƙe shi gam, gidan rediyo da talabijin na gwamnati, wanda yanzu ake kira VRT, ya zama ma'auni. A Holan kuwa ba mai barazana ga harshen, kuma daga shekarun 1960 jama'a suka rage damuwa da magana irin ta manya. Wanda ya ce ’yan Beljiyam ne suka karkatar da Holanci ya juya labarin.

Mene ne Poldernederlands da ake yawan ambata?

Suna ne da Jan Stroop, masanin harshe a Jami'ar Amsterdam, ya raɗa wa wani sabon furuci a ƙarshen shekarun 1990, ya kuma fitar da littafi a kansa a 1998. *Polder* ita ce ƙasar da aka ƙwato daga ruwa aka mai da ita gona ko gari. Alamar furucin ita ce buɗe tagwan wasula fiye da da: *ei* da *ij* su koma ai sosai, *tijd* ta zama “taid”, *klein*, ƙarami, ta zama “klain”, *ui* da *ou* su ma su wangame.

Abin sha'awa a nan shi ne yadda wasulan ke jan juna. Da *ei* ta sauka ta koma ai, sai ta bar gurbi, *ee* kuwa ta matso ta cike shi. Sakamakon haka *ee* ta matashin Amsterdam ta yi kusa da *ei* ta dattijon Flanders. Mai koyo da ya fara da malamin kudu ya koma hannun na arewa, a nan yake rikicewa, kuma ba laifin kunnensa ba ne.

Stroop ya ce mata masu ilimi mai zurfi, ’yan boko masu aikin jarida da siyasa da jami'a, su ne suka ja gaba. Maganar ta tayar da ƙura, domin a da ana ɗaukar ai ɗin nan a matsayin furucin talakawan birni. Yau dai ta zama ruwan dare a bakin maza da mata, a rediyo da talabijin. Flanders ba ta bi ba.

To yaya ake faɗin Van Dijk da De Bruyne daidai?

A daidaitaccen furuci *ij* ta Virgil van Dijk tana farawa da e mai faɗi ta ƙare a i, kusa da yadda “sai” kan fito “sei” a bakin Bakano in yana sauri. “Daik” da masu sharhin Ingila ke cewa ba ta yi nisa ba, tunda matasan Randstad ma kusan haka suke faɗi. Haka *ij* take a sunan Wijnaldum, haka *eij* a Reijnders, haka *ey* a Feyenoord.

De Bruyne ya fi wuya. *Uy* tsohon rubutun *ui* ne, kuma babu sautin a Hausa ko Ingilishi. Ba “Broin” ba ne, ba “Brun” ba ne, kuma *e* ta ƙarshe ana furta ta, a raunane. Kevin De Bruyne ɗan Drongen ne kusa da Gent, don haka a bakin mutanensa *ui* ɗin gajerar tafiya gare ta. Wasalin nan dai shi ne a sunan Cruijff da Kuijt, amma a Amsterdam, garin Cruijff, ya fi buɗewa.

Me ya sa ake rubuta sauti ɗaya da *ei* da kuma *ij*?

Domin a da ba ɗaya ba ne. *Ij* doguwar i ce, ana rubuta ta da i biyu, sai marubuta suka riƙa jan wutsiyar ta biyun don kada ido ya ruɗe, ta zama j. Daga ƙarshen zamanin tsakiya i ɗin ta fara miƙewa zuwa tagwai a Brabant, yankin kudu da Antwerp take ciki, a ƙarni na 16 da na 17 kuma ta kama biranen lardin Holland, har ta je ta haɗe da *ei*. A 1585 Antwerp ta faɗa hannun sojojin Sifen, dubban ’yan kasuwa da masu sana'a suka yi hijira zuwa Amsterdam da Haarlem da Leiden. Masana sun daɗe suna jayayya a kan ko baƙin nan ne suka kawo sabon furucin ko kuwa sun tarar ya riga ya fara.

Yaran makaranta ne ke biyan bashin. Dole su haddace cewa *leiden*, jagoranci, da gajerar *ei* ake rubuta ta, *lijden*, shan wahala, da doguwar *ij*, alhali a kunne ba su da maraba. Haka *rauw*, ɗanye, da *rouw*, makoki. Wanda ya tashi da karin Zeeland ko na yammacin Flanders ko na gabashin Holan ba ya wannan wahalar, domin a gidansu har yau *tijd* “tid” ce, *kijken*, kallo, da i ake faɗinta. Daidaitaccen harshen ma ya bar saura: *bijzonder* “bizonder” ake cewa ko'ina.

Akwai wuraren da har yanzu ke riƙe da tsohon furuci ke nan?

Akwai, kuma a gefe-gefen ƙasar suke. Sauyi ya taso daga tsakiya, inda kuɗi da mulki suke, ya yi ta raguwa kafin ya kai baki-baki.

Misalin da ya fi shahara shi ne taswirar da G. G. Kloeke ya fitar a 1927 a kan kalmomi biyu, *huis*, gida, da *muis*, ɓera. Asalinsu da u ake faɗinsu, “hus” da “mus”, kuma har yanzu haka suke a can gabas, a wurare irin su Twente da Limburg, inda ake rubuta su *hoes* da *moes*. Mataki na biyu shi ne u ta matso gaba ta zama *uu*, *huus* da *muus*, kamar yadda ake ji a Veluwe da Zeeland da yammacin Flanders. Mataki na uku shi ne *ui* ta daidaitaccen harshe. Wato in ka taso daga iyakar Jamus ka nufi Amsterdam, ƙauye bayan ƙauye, kana bin tarihin wasalin ne da ƙafa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wani zirin ƙasa a tsakani, inda mutane ke cewa *huus* amma su ce *moes*. Wasali ɗaya ne tun asali, ɗaya ta sauya, ɗaya ta ƙi. Bayanin da aka bayar shi ne gida kalma ce da ake yi da baƙo da ɗan kasuwa da ma'aikacin hukuma, don haka ta ɗauki furucin masu faɗa a ji, shi kuwa ɓera zancensa a madafa da rumbu yake ƙarewa, ba mai jin kunyar faɗinsa yadda kakanni suka faɗa. An ja da Kloeke a kan ko daga lardin Holland ne *uu* ta bazu, amma taswirar ta shiga littattafan ilimin harshe na duniya.

Manyan biranen fa, ana gane su da wasula?

Sosai, kuma ’yan ƙasa suna tsokanar juna da su. Wannan karin cikin gari ne na unguwannin ma'aikata, ba lallai ka ji shi a jami'a ba.

A Amsterdam *ij* takan baje ta zama a doguwa, *vijf*, biyar, ta koma “faf”, ita kuma *aa* ta karkata wajen o. A Hague, wadda ’yan ƙasa ke kira Den Haag, tagwayen mutuwa suke: *tijd* ta zama e mai faɗi ba tafiya, *huis* da *koud* su ma a miƙe. Rotterdam ita ce uwar miƙe *ee* da *oo*. Utrecht kan ja gajerar *a*, *stad*, birni, ta fito kamar *staad*. Mutanen Antwerp suna kiran karinsu *Antwaarps*, *aa* ɗinsu kuma ta yi duhu har *water*, ruwa, ta kusa zama “woter”. A Gent da gabashin Flanders *brood*, burodi, takan zama *bruud*.

Wannan na ƙarshen yana da tushe. A da Holanci na da *oo* iri biyu da *ee* iri biyu, tsohuwar ƙa'idar rubutu ma tana raba su, har sai da aka yi gyara a Beljiyam a 1946, a Holan a 1947. Daidaitaccen harshe ya haɗe su, amma kare-karen kudu da na Zeeland ba su manta ba.

Da gaske ne akwai yankin da ke da karin sauti kamar Hausa?

Da gaske ne. A Limburg, ta Holan da ta Beljiyam, hawa da saukar murya a kan wasali na iya sauya ma'ana. Iri biyu ne: *stoottoon*, wanda murya ke faɗowa da sauri, da *sleeptoon*, wanda ake ja. A Roermond *daag* in an ja ta yini ɗaya ce, in an sare ta kwanaki ne. Carlos Gussenhoven na Jami'ar Nijmegen ya yi aiki mai yawa a kan wannan a garuruwa irin su Roermond da Venlo da Maastricht, kuma abin ya tsallaka iyaka har yankin Cologne a Jamus.

Bai kai na Hausa faɗi ba. Mu kowace gaɓa tana da nata karin, su kuwa sai gaɓar da aka ƙarfafa, ita ma sai in tana da tsawo. A daidaitaccen Holanci karin ba ya raba kalmomi, sai dai amonsa na bin ɗan Limburg, shi ya sa mutanen arewa ke cewa waƙa suke in suna magana. Tun 1997 gwamnatin Holan ta amince da Limburganci a matsayin harshen yanki. Holancin da Tijjani Babangida ya fara ji a Roda JC ta Kerkrade, da wanda Ahmed Musa ya tarar da ya bar Kano Pillars ya koma VVV ta Venlo a 2010, mai wannan amon ne.

Me ya sa nake jin wasalin da ba a rubuta ba, ko in rasa wanda aka rubuta?

Aikin shuwa ne. Mutane da yawa suna cusa ta tsakanin *l* ko *r* da baƙin da ke biye, sai *melk*, madara, ta zama “melek”, *arm*, hannu, ta zama “arem”. Ba kuskure ba ne, sai dai in ta yi yawa ana jin ta kamar maganar kan titi.

Sai ƙarshen *-en*, wanda ke kan yawancin aikatau da jam'in suna. A yamma da Brabant ana yar da *n* a bar shuwa, *lopen*, tafiya, ta zama “lope”. A Groningen da Drenthe da Twente, da kuma yammacin Flanders, akasin haka ake yi: a haɗiye wasalin a bar baƙin, ta zama “lopm”, leɓɓa a rufe. Da wannan kaɗai ana gane ɗan arewa maso gabas kafin ya gama jimla.

Shin *r* tana taɓa wasalin da ke gabanta?

Tana taɓawa. Ita ce ke ja wa *ie*, *oe* da *uu* tsawo, kamar a *hier*, nan, da *boer*, manomi, da *buur*, maƙwabci. Kuma gabanta *ee*, *oo* da *eu* ba sa miƙewa ko a Randstad: ba mai cewa “meir” a *meer*. A can sukan ɗan sauya launi, *meer* ta yi kama da *i* ta *vis* da aka ja.

Kalmomin aro fa?

Kowa da maƙwabcin da ya fi saurare. Holan na kwaikwayon Ingilishi, don haka *tram* a Amsterdam “trem” ce, *plastic* kuma “plestik”. A Antwerp *tram* da a ake faɗinta yadda aka rubuta, roba kuma *plastiek* ce, da ƙarfi a gaɓar ƙarshe irin na Faransanci.

Suna fahimtar juna kuwa?

In daidaitaccen harshe ake yi, ba wata matsala. Labaran NOS, gidan labaran Holan, da na VRT kowa na ji. Wasan kwaikwayo ne ke kawo cikas, domin a Flanders yawanci ana yin sa da *tussentaal*, wata magana ta tsaka-tsaki tsakanin karin gida da daidaitaccen harshe. Gidajen talabijin kan sa rubutu a ƙasan hoto in shirin ya tsallaka iyaka, ta kowane ɓangare. Mai zurfin karin yammacin Flanders kuwa, ko a talabijin ɗin Flanders sai an sa masa.

Wanne ne daidai, kuma wanne ya kamata in koya?

An daɗe ana cewa mutanen Haarlem ne suka fi kowa tsabtar Holanci, amma magana ce ta gado, ba wani awo da ya tabbatar da ita. A da ana kiran daidaitaccen harshen ABN, wato Holancin gama-gari na wayayyu; an watsar da kalmar wayayyun saboda tana nuna sauran jama'a ba su waye ba. Taalunie a yau ta yarda cewa Holancin Holan da na Beljiyam da na Suriname duk daidaitattu ne. Jarrabawar CNaVT, ta masu koyon harshen a ƙasashen waje, ta ƙasashen biyu ce.

A ganina, koyi na inda za ka zauna. Mai zuwa Wageningen ko Delft ya bi na arewa, mai zuwa Gent ko Leuven ya bi na kudu. Wanda bai san inda zai sauka ba, na Flanders zai fi masa sauƙi, domin *ee* da *oo* tsayayyu suna bakinsa tun yana yaro, *r* mai karkaɗa harshe ma haka, kuma ba inda ba za a gane shi ba. Abin gudu shi ne gauraya: “nei” ta Amsterdam da *g* mai laushi ta Antwerp a jimla ɗaya na sa mai sauraro ya bar zancen ya koma sauraron bakinka. Kunne kuwa dole ya saba da duka biyun.

Waɗanne wasula ne suka fi ba Bahaushe wahala, kuma yaya zai yi da su?

Huɗu ne: *uu*, *u*, *eu* da *ui*. A Hausa in harshe na gaba, leɓɓa a baje suke, kamar a i da e. In leɓɓa sun kewaye, harshe na baya, kamar a u da o. Waɗannan huɗun suna son harshe a gaba, leɓɓa kuma a kewaye.

Tsaya gaban madubi. Ja i ta “kifi”, kada ka bari harshenka ya motsa ko kaɗan, sannan ka tsuke leɓɓa kamar za ka yi fito. Abin da ya fito shi ne *uu* ta *nu*, yanzu. Yi haka da e ta “nema”, ka samu *eu* ta *neus*, hanci. *U* ta *bus* tana tsakaninsu, gajera, a sake. Ita kuwa *ui*, fara da baki a buɗe, leɓɓa a ɗan kewaye, ka rufe zuwa *uu*. In ka ji harshenka ya gudu baya, ka koma au, kuma *huid*, fata, ta zama *hout*, katako. Haka in *uu* ta zame ta koma u, ka mai da maƙwabcinka manomi.

Afrikaans na Afirka ta Kudu yana cikin wannan lissafin?

Harshe ne mai zaman kansa, an amince da shi a hukumance tun 1925, amma daga Holancin ƙarni na 17 ya fito, kuma wasulansa sun bi tasu hanyar. *Ee* da *oo* a can suna farawa daga sama su sauko, *been* ta zama kamar “biyen”, *boom* kamar “buwem”. Gajerar *i* ta koma shuwa, *ij* kuma ana rubuta ta *y*.

Me ya sa wasu sunayen garuruwa ba sa bin ƙa'idar da aka koya mini?

Domin sun girmi ƙa'idar. Kafin a daidaita rubutu, marubutan kudu kan nuna tsawon wasali ta hanyar ƙara masa *e* ko *i*, maimakon su ninka shi. Saboda haka *ae* a sunayen iyali irin su Claes da Maes *aa* ce kawai. *Oi* a Oisterwijk da Oirschot da Goirle, duk a lardin Brabant ta Arewa, *oo* ce, ba a furta *i* ɗin. Nuenen, ƙauyen da mai zane Vincent van Gogh ya zauna kusa da Eindhoven, da *uu* ake faɗinsa. Wijchen kuwa, kusa da Nijmegen, ta riƙe tsohuwar doguwar i, don haka *ij* ɗin Nijmegen da ta Wijchen ba ɗaya ba ne, ko da yake ’yan mintuna ne tsakaninsu a jirgin ƙasa. In za ka sayi tikiti ko ka tambayi hanya, fara sauraron yadda mai sanarwa a tasha ke kiran sunan.